Tsofaffin finafinan barkwanci da waƙa na Sifaniyanci: me ya sa ake farautar kayansu?

Duk ranar Lahadi kasuwannin gwanjo kan ci a manyan biranen ƙasashe uku masu harshe ɗaya: La Lagunilla a birnin Meziko, El Rastro a Madrid, da San Telmo a Buenos Aires. A tsakiyar tsofaffin agoguna, kwanuka da littattafai, akwai teburan da ba a rasa mai sunkuyawa a kansu. Abin da ke bisa takardu ne da suka yi ja don tsufa: fastocin silima, katunan talla, mujallu da faya-fayan garmaho. Da yawa daga cikinsu na finafinan barkwanci da waƙa ne da aka yi daga 1936 zuwa tsakiyar shekarun 1960. Wata takardar kuɗinta bai wuce na kofin gahawa ba, wata kuwa sai an zube ɗaruruwan daloli.

Mai kallo daga nesa zai iya rikicewa. Finafinan nan su ne waɗanda masana a ƙasashen suka daɗe suna kira shirme. Ga su birjik a YouTube, amma kullum ana kukan cewa suna ɓacewa. Sannan mutum kan riƙe kwafi ɗaya tilo da ya rage na wani fim, doka kuma ta hana shi haska shi ga jama'a. Duk waɗannan suna da tushe guda: an yi finafinan ne don a kalla yau a manta gobe, babu wanda ya ɗauki alhakin adana su a kan lokaci, kuma abin da ya tsira sau da yawa a hannun ɗaiɗaikun mutane ya tsira.

Wane irin fim ake nufi

Gidaje uku ne, kowanne da nasa salon. A Meziko wanda ya fi tashe shi ne comedia ranchera, barkwancin karkara. Akwai babban gandu, mai gandun da baransa sun ɗora ido kan yarinya ɗaya, ga mahaya dawaki da faffaɗar malafa da wando mai maɓallan azurfa, ga makaɗan mariachi, ga gasar waƙa inda abokan hamayya ke jifan juna da habaici, a ƙarshe a ɗaura aure. Fim ɗin da ya buɗe wannan ƙofa shi ne Allá en el Rancho Grande na Fernando de Fuentes, wanda ya fito a 1936 ya karaɗe Latin Amurka. Daga baya Jorge Negrete da Pedro Infante suka zama sarakunan fagen, har aka haɗa su a fim ɗaya, Dos tipos de cuidado, a 1953.

Birni ma yana da nasa. Mario Moreno, wanda aka fi sani da Cantinflas, ya shahara da surutun da ba kai ba gindi, wanda yake kwance alƙali da ɗan sanda da shi. Germán Valdés, wato Tin Tan, ya taso a Ciudad Juárez a bakin iyakar Amurka, ya zo da doguwar kwat, da gashin tsuntsu a hula, da Sifaniyanci gauraye da Turanci, yana rawa da kiɗan mambo da swing. 'Yan rawa daga Kyuba irin su Ninón Sevilla da María Antonieta Pons da Amalia Aguilar sun cika finafinan gidajen rawa, duk da cewa yawancin nasu labarin ban tausayi ne, ba na dariya ba. Masu tara kaya ba su cika damuwa da wannan iyaka ba.

A Sifaniya abin da ake kira españolada ne ya mamaye: yankin Andalus, waƙar copla, rawar flamenco, talakar yarinya mai murya da ɗan masu kuɗi. Mawaƙiya mai suna Imperio Argentina ta yi Morena Clara a 1936, sannan Lola Flores, Carmen Sevilla da Juanita Reina suka biyo baya. A ƙarshen shekarun 1950 sai yara mawaƙa suka karɓe allo: Joselito, sai Marisol daga 1960, sai Rocío Dúrcal daga 1962. Ajantina kuwa da tango ta fara tun 1933, lokacin da kamfanonin Argentina Sono Film da Lumiton suka fitar da finafinansu na farko masu sauti, kuma ta samar da Libertad Lamarque, Luis Sandrini da gwanar kwaikwayon muryoyi Niní Marshall.

Abin da ya haɗa su duka shi ne labarin fim hanya ce kawai ta isa ga waƙa. Jarumin yakan fito ne daga rediyo ko dandalin wasa, gidan rediyo ya tallata waƙar, kamfanin faifai ya sayar da ita, silima ta ba ta fuska. Duk wanda ya tashi da finafinan Indiya a silimun Kano ko Yamai ba ya buƙatar a yi masa dogon bayanin wannan tsari.

Yadda yaƙi da siyasa suka raba kasuwa

A ƙarshen shekarun 1930 Ajantina ce ke gaba wajen ƙarfin masana'anta. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya juya lamarin. Ɗanyen zaren da ake ɗaukar fim a kai daga Amurka ake samun yawancinsa, ita kuwa Ajantina ta ƙi ɗaukar ɓangare a yaƙin. Meziko ta shelanta yaƙi da Jamus da ƙawayenta a watan Mayun 1942. Ofishin hulɗa da ƙasashen nahiyar da Nelson Rockefeller ke jagoranta ya taimaka wa Meziko da zare da na'urori, aka ƙuntata wa Ajantina. Finafinan da Ajantina ke fitarwa suka faɗo daga 56 a 1942 zuwa 23 a 1945. A Meziko aka kafa bankin ba masu fim bashi a 1942, aka buɗe katafaren sutudiyon Churubusco a 1945 da hannun kamfanin RKO na Amurka, kuma zuwa 1950 ƙasar na fitar da fim sama da 100 a shekara. Taurarin Ajantina da suka samu saɓani da masu mulki, irin su Lamarque da Niní Marshall, can suka nufa.

Sifaniya ta fito daga yaƙin basasa a 1939 da Janar Franco a kan mulki. A 1941 aka tilasta juya muryar kowane fim na waje zuwa Sifaniyanci, abin da ya ƙwace wa finafinan gida fifikon harshen da suke da shi a kan na Hollywood. Gwamnati ta ɗaura lasisin shigo da finafinan waje a kan yin na gida, don haka wasu furodusoshi suka riƙa yin fim domin su samu lasisin, wanda ya fi fim ɗin kansa kawo riba. Hukumar tace finafinai tana nan da almakashinta, limaman coci na cikinta. A irin wannan yanayi fim ɗin waƙa da dariya shi ne hanyar da ba ta da ƙaya. Kamfanin CIFESA na Valencia da Suevia Films na Cesáreo González suka ci kasuwarsa.

Wani abin lura shi ne Meziko ta ƙi amincewa da gwamnatin Franco, kuma ba a maido da hulɗar jakadanci ba sai 1977, amma kasuwa ba ta jira jakadu ba. Tun 1949 aka yi Jalisco canta en Sevilla, inda aka haɗa Negrete da Carmen Sevilla, Lola Flores kuma ta riƙa zuwa Meziko yin fim. Wannan kai-komo ne ya sa fim guda kan kasance da fasta iri uku ko huɗu, kowace ƙasa da mai zanenta, wani lokaci ma da wani suna daban.

Kasuwar ba ta tsaya a nan ba. Daga 1942 zuwa 1964 Amurka ta riƙa ɗibar 'yan ƙwadagon gona daga Meziko a ƙarƙashin shirin Bracero, kuma kamfanonin Azteca Films da Clasa-Mohme suka riƙa kai finafinai ɗaruruwan silimu a Texas, Kalifoniya, Chicago da New York. A Yugoslabiya, bayan shugabanta Tito ya ɓata da Stalin na Tarayyar Sobiyet a 1948, finafinan Meziko sun samu shiga har mawaƙan ƙasar suka riƙa sa malafa suna rera ranchera da harshensu. A Tarayyar Sobiyet 'yar Ajantina Lolita Torres ta zama tauraruwa. Shi ya sa a yau ake samun fastar fim ɗin Meziko da rubutun Sabiyanci, ko ta Ajantina da rubutun Rashanci, kuma akwai masu neman irin waɗannan kawai.

Kayan da aka yi don a yar

Negrete ya rasu a 1953, Infante ya mutu a hatsarin jirgin sama a Mérida ranar 15 ga Afrilu, 1957. Talabijin ta fara aiki a Meziko a 1950. Ƙungiyar ma'aikatan fim ta kusan rufe ƙofa ga sababbin daraktoci, yawancin silimu kuma suna hannun gungun attajiri William Jenkins, wanda arha da sauri yake so. Finafinan da ake gamawa cikin makonni biyu ko uku suka yi yawa har aka laƙaba musu suna churros, sunan wani soyayyen ƙulli da ake sayarwa a titi. Furodusan da ke aiki da wannan lissafi ba shi da dalilin biyan kuɗin ɗakin sanyi don ajiye fim ɗin da ya riga ya gama zagayensa.

Shi kansa zaren matsala ne. Har zuwa farkon shekarun 1950 da sinadarin naitiret ake yin sa, wanda idan ya tsufa yakan yi danƙo, ya koma gari, kuma yana iya kamawa da wuta da kansa cikin zafi. Idan ya kama, ruwa ba ya kashe shi, domin yana samar wa kansa iskar da wutar ke ci. Wanda ya maye gurbinsa, na asitet, ba ya tashi da wuta haka, amma yana da tasa cutar: gwangwanin ya fara warin ruwan khal, zaren ya takure ya kanannaɗe, kuma tururin na harbin gwangwanayen da ke kusa. Finafinai masu launi da aka buga da Eastmancolor kuwa launinsu kan gudu ya bar ja-ja kawai.

Ranar 24 ga Maris, 1982, gobara ta cinye ma'ajiyar finafinai ta ƙasa a Meziko, Cineteca Nacional, wadda aka buɗe a 1974. An rasa rayuka, dubban finafinai suka ƙone tare da fastoci, hotuna da rubutattun labarai. A Buenos Aires gobarar ɗakin wanke fim na Alex a 1969 ta tafi da asalin zaren finafinai masu yawa. Masu binciken tarihin fim na Ajantina kan ƙiyasta cewa kusan rabin finafinan ƙasar masu sauti na wancan zamani sun salwanta. Ma'ajiyun da aka kafa, irin su ta Sifaniya a 1953 da ta jami'ar UNAM ta Meziko a 1960, kuɗinsu kaɗan ne, kuma a farkon lamari hankalinsu ya fi karkata ga abin da ake ɗauka fasaha ce ta gaske, ba fim ɗin yaro mai waƙa ba.

Takarda ta fi zare rashin gata. Fasta ana buga ta ne a takarda mai arha, a ninke ta a tura silima, a manna da gam ko a kafe da ƙusa, mako ya zagayo a yage ta a sa wata.

Abin da ake tarawa, da yadda ake gane shi

Fastar Meziko ta wancan zamani ta kai kimanin santimita 70 da 95, kuma darajarta ta fi dogara ga mai zanen fiye da fim ɗin. Ernesto García Cabral, gwanin zanen barkwanci na jaridu, shi ya zana da yawa daga fastocin Tin Tan da Cantinflas: ƙaton kai, siraran ƙafafu, faffaɗan baki, mata masu ƙugu a lanƙwashe, launi mai ƙarfi da ake hangowa daga ƙetaren titi. Josep Renau kuwa tsohon babban daraktan harkokin zane ne a gwamnatin jamhuriyar Sifaniya da Franco ya kayar, ya yi gudun hijira zuwa Meziko a 1939, ya ci abinci da zanen fasta har ya koma Gabashin Jamus a 1958. Shi da ƙaninsa Juanino da wasu 'yan hijira irin su Francisco Rivero Gil suka shigo da salon fastar farfaganda ta Turai cikin tallan fim. Sau da yawa fim ɗin ba wani abin kirki ba ne, fastarsa kuwa ta cancanci gidan tarihi, kuma wannan na daga cikin abin da ke jawo masu sha'awar zane waɗanda ko Sifaniyanci ba sa ji.

Akwai kuma katunan da ake jerawa a zauren silima, yawanci takwas ga kowane fim. Na Meziko sun fi na Amurka girma. Gefensu zane ne mai launi iri ɗaya a duk katunan, tsakiya kuma hoto ne fari da baƙi daga cikin fim ɗin, kowane kati da nasa. Samun takwas ɗin a haɗe shi ne wahalar.

A Sifaniya abin da ya fi yawan mabiya shi ne programa de mano, 'yar takardar talla da ba ta wuce tafin hannu ba. Kamfanin rarraba fim ne ke buga gabanta da launi, ya bar bayanta fari. Kowace silima sai ta kai wa maɗaba'ar garinsu a buga sunanta, ranar haskawa, lokaci, wani lokaci har da kuɗin shiga da tallan shagon takalma na kusa. Saboda haka takarda iri ɗaya kan zama abu biyu: wani fuskar Marisol yake nema, wani kuma silimar ƙauyensu da aka rushe aka gina banki a wurin. Akwai masu ninki biyu, akwai waɗanda aka yanka da siffar fanka ko jita, kuma su suka fi tsada. Yawancin na gama-gari 'yan yuro kaɗan ne a shafin intanet na sayar da tsofaffin kaya, todocoleccion, shi ya sa mai ƙaramin ƙarfi ma ke iya shiga harkar.

Bayan takarda sai faifai: masu gudun 78 na Pedro Infante a kamfanin Peerless, na Negrete a RCA Victor, da ƙananan faya-fayai masu waƙa huɗu na finafinan yara mawaƙa. Sai mujallu irin su Cinema Reporter, Primer Plano, Fotogramas da Radiolandia. A can ƙololuwa akwai 'yan tsirarun da ke tara zaren fim ɗin kansa, mai faɗin milimita 16 ko 35.

Inda kuɗi ya shiga, jabu kan biyo. Finafinan Infante da Cantinflas an sake haska su sau da dama, kowane zagaye da sabon bugun fasta, kuma dillali na iya sayar da bugun baya a matsayin na farko. Masu ido kan duba nauyin takarda, sawun ninki, ramukan ƙusa, sunan maɗaba'a a can ƙasa, da tambarin kamfanin rarrabawa, tunda wanda ya fara rarraba fim ba lalle shi ne ya sake fitar da shi ba. A kayan Sifaniya akwai wata alama mai sauƙi: daga 1958 doka ta sa kowane bugu ya ɗauki lambar rajistar bugu ta hukuma, Depósito Legal, da shekararta. Fastar fim ɗin 1952 da ke ɗauke da wannan lamba, bugun baya ce.

Masu suka da masu karewa

Hujjar masu suka tana da ƙarfi. Fim ɗin da ya kafa barkwancin karkara ya fito ne daidai lokacin da shugaba Lázaro Cárdenas ke raba manyan gandaye ga manoma, amma ya nuna gandu a matsayin gida mai zaman lafiya inda mai gida uba ne, barori kuma na waƙa. Jarumin ranchera mashayi ne, mai saurin zaro bindiga, mace kuma kyauta ce ga wanda ya yi nasara. A Sifaniya, a cewarsu, finafinan sun rufe yunwar bayan yaƙi da gidajen yari da tafi da rawa, sun mayar da al'ummar Gitano, wato Romawan Sifaniya da suka shahara da flamenco, kayan ado alhali ana nuna musu wariya a zahiri. A taron Salamanca na 1955 darakta Juan Antonio Bardem ya yanke wa silimar ƙasarsa hukuncin cewa ba ta da tasiri a siyasa, ƙarya ce a zamantakewa, kuma ba ta da daraja a fasaha. Shekara biyu kafin nan Luis García Berlanga ya riga ya yi wa salon ba'a a Bienvenido, Mister Marshall, inda mutanen wani ƙauyen Kastila suka yi shigar Andalus don su burge Amurkawa. Akwai kuma batun yaran. Marisol, wadda sunanta na gaskiya Pepa Flores, ta yi maganar wahalar da ta sha a ƙuruciya, ta janye daga idon jama'a tun tsakiyar shekarun 1980, kuma ko lambar girmamawa ta Goya, babbar kyautar finafinan Sifaniya, da aka ba ta a 2020 'ya'yanta ne suka je suka karɓa.

Masu karewa ba su musanta yawancin wannan ba. Abin da suke cewa shi ne masu kallo ba tumaki ba ne. Marubuci Carlos Monsiváis ya yi ta nuna cewa a silima ne miliyoyin 'yan ƙauye da suka kwararo birnin Meziko suka koyi yadda ake magana, ado da soyayya a birni. Tin Tan, wanda marubuci José Vasconcelos ya zarga da ɓata harshe, yau ana kallonsa a matsayin wanda ya fara ba mutanen bakin iyaka murya. Niní Marshall an hana ta rediyo a Ajantina a 1943 bisa irin wannan zargi, abin da ke nuna masu mulki ba su ɗauki barkwancin a matsayin wasa ba. Masu bincike na baya-bayan nan kan finafinan Sifaniya sun lura cewa talakar mace ce ke riƙe da allo, ita ke yi wa alƙali da mai kuɗi gatse, ko da labarin zai ƙare da ladabtar da ita. Sannan akwai hujjar da ba ta buƙatar falsafa: a wasu lokuta waɗannan finafinai ne kaɗai wurin da za a ga gwanin mambo Pérez Prado da makaɗansa, ko wata ƙungiyar mariachi, suna aiki a ganiyarsu. Monsiváis kansa mai tara kaya ne, abokin cinikin La Lagunilla, kuma da tarinsa aka buɗe gidan tarihi na Estanquillo a 2006.

Tsakanin ma'ajiyun gwamnati da masu tara kaya ma akwai 'yar tsama. Ma'ajiya kan ce mai tarawa yana ɓoye abin da ya kamata kowa ya amfana da shi, yana ajiye zare a ɗaki mai zafi, yana tayar da farashi. Shi kuma ya ce da bai tsinto shi daga bola ba, da babu abin da za a yi gardama a kai. Tarihi ya ba shi wasu shaidu. A 2008 aka gano kusan cikakken kwafin fim ɗin Jamus Metropolis a gidan tarihin silima na Buenos Aires, kuma asalinsa daga tarin wani mai sharhin fim ne, Manuel Peña Rodríguez. Ɗaya daga cikin manyan taskokin fastocin Meziko yana Harlingen a jihar Texas, a hannun Rogelio Agrasánchez, ba a wata hukuma ba.

Mallakar gwangwani daban, mallakar fim daban

Nan ne ruɗanin ya fi yawa. Wanda ya sayi zaren fim a gwanjo ya mallaki abin da ke hannunsa, amma haƙƙin kwafa, haskawa ko ɗorawa a intanet yana wurin furodusa, magadansa ko wanda ya saya daga gare su. Meziko na da ɗaya daga cikin wa'adin haƙƙin mallaka mafi tsawo a duniya, shekara 100 bayan mutuwar mai fasaha, tun gyaran dokar 2003. A Sifaniya shekara 70 ne, ko 80 ga waɗanda suka rasu kafin 7 ga Disamba, 1987. A Amurka finafinan Meziko da yawa sun taɓa zama na kowa saboda ba a cika ƙa'idojin rajista ba, sai wata dokar 1994 ta maido musu da kariya daga 1996, aka shiga shari'o'i kan ko wane ne mai su. Finafinan Cantinflas sun shafe shekaru a kotunan Meziko da Amurka tsakanin ɗansa, ɗan ɗan'uwansa da kamfanin Columbia.

A aikace haƙƙin ya taru a hannu kaɗan. A Meziko kamfanin talabijin na Televisa ya tara kaso mai tsoka. A Sifaniya Enrique Cerezo, wanda masu kallon ƙwallo suka sani a matsayin shugaban Atlético Madrid, ya saye mafi yawan tsofaffin finafinan ƙasar, kuma shi ke da dandalin kallo na FlixOlé. Wannan na da amfani, domin mai haƙƙi ɗaya mai kuɗi na iya gyara fim ya fitar da shi tsaf. Illarsa ita ce abin da ba zai mayar da kuɗin gyara ba sai ya zauna a ajiye. Mai haƙƙi na iya rasa kwafi mai kyau, mai kwafi ya rasa haƙƙi, fim ya maƙale a tsakaninsu.

Inda abin ya shafi mutum na gama-gari

Mai kallo shi ne na farko. Abin da ke YouTube yawanci an ɗauko shi ne daga talabijin ko tsohon kaset, hoton dishi-dishi, an yanke gefe, wani lokaci an cire waƙa guda saboda haƙƙin kiɗan na wani ne daban, kuma yau yana nan gobe an sauke. Kwafin da aka gyara yana bayan kuɗin rajista, sau da yawa a dandalin da ba ya buɗewa a wajen ƙasar. Fassara a ƙasan allo ba ta da yawa, kuma barkwancin Cantinflas da Tin Tan a wasa da harshe yake, don haka wanda ba ya jin Sifaniyanci waƙa da rawa kawai yake samu. Fitattun finafinan ba su cikin haɗari: talabijin ɗin Meziko na maimaita su, tashar gwamnatin Sifaniya na da shirin Cine de barrio tun 1995, kuma duk 15 ga Afrilu jama'a na taruwa a kabarin Infante a maƙabartar Panteón Jardín. Waɗanda ke ɓacewa shiru su ne ɗaruruwan finafinan tsaka-tsaki da babu babban tauraro a cikinsu.

Na biyu su ne magada. Iyalan tsofaffin masu silima, masu haska majigi da masu maɗaba'a kan tarar da akwatuna bayan rasuwar dattijo. Wasu kan zubar, wasu kan sayar wa dillali a dunƙule da arha, wasu kuma kan ɗauka duk tsohuwar takarda dukiya ce su sha mamaki. Gaskiyar kasuwar ita ce 'yan kaɗan ne ke da tsada: bugun farko, sanannen mai zane, babban tauraro, takarda lafiyayya. Idan kuwa gwangwanayen zare ne na kafin 1952, batun ya wuce ciniki ya koma na tsaron rai, kuma ma'ajiyun finafinai kan karɓe su ko su ba da shawara.

Kasuwar kanta tana sauya hannu. Waɗanda suka kalli finafinan a silima suna yara yanzu sun haura shekara 70, kuma idan suka rasu tarinsu na fitowa gwanjo a lokaci guda, abin da ke karya farashin kayan gama-gari irin su takardun hannu da mujallu. Sababbin masu saye iri biyu ne: jikokin 'yan ci-rani a Amurka da ke neman abin da zai haɗa su da asalinsu, da masu sha'awar zane da ɗakunan karatu na jami'o'i. Su fastar Cabral ko ta Renau suke nema, ba lalle su taɓa kallon fim ɗin ba, kuma kayan da ke da irin wannan sa hannu ne farashinsu ke riƙe da ƙarfinsa.